Me ya sa nas ke tsallake layi ta ɗauki wanda ya zo daga baya?

Duk wanda ya taɓa kai yaro asibitin gwamnati a Sakkwato a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, ya san yadda barandar ɗakin yara ke komawa. Benci ya cika, an baza tabarmi har bakin ƙofa, ga goyo, ga kwanukan kunu, kowace uwa da kati a hannu. Wata safiya irin wannan ina bakin aiki, wani magidanci ya sha gabana ransa a ɓace.

"Malama, mu munka riga zuwa, tun da asuba muna nan. Wagga macce yanzu tash shigo, kinka wuce da ita ciki. Ko don mu ba mu san kowa ba?"

Ɗansa na saɓe a kafaɗarsa, bai wuce shekara uku ba, jiki rau da zafi, yana tsala kuka yana fizgar wuyan rigar uban yana neman ruwa. Matar da na ja hannunta kuwa, goyonta ko motsi ba ya yi. Kai ya langaɓe gefe guda, ido rabi a buɗe. Da na tambaye ta sai ta ce, "Kwana shikai, tun jiya bai dame ni ba."

A lokacin ba ni da sukunin yi wa mutumin bayani, haƙuri kawai na ba shi na wuce. Amma tambayarsa tana bisa hanya. Zargin da ya furta yana zuciyar mutane da yawa da ke zaune a bencin asibiti, kuma tun da akwai wuraren da sanayya ke aiki da gaske, ba za a ga laifin mai zargi ba. Abin da ya kamata shi ne a buɗe wa mutane abin da idon nas ke nema a wannan minti na farko, a jikin yaro da a jikin babba.

Tsarin tsoho ne. Tun a yaƙe-yaƙen Napoleon na Faransa, likitan sojojinsa Dominique Larrey ya kafa ƙa'idar a fara da wanda rauninsa ya fi muni, hafsa ne ko ƙaramin soja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tunani ta tsara shi domin yara a asibitoci irin namu, saboda an lura kaso mai yawa na yaran da ke rasuwa a asibiti cikin sa'o'i 24 na farko suke rasuwa. Ana raba masu zuwa gida uku: wanda za a sa wa hannu nan take, wanda za a kai gaban layi, da wanda zai iya jiran lokacinsa. Rabewar ba ta neman wata na'ura. Ido ne da kunne da tafin hannu, kuma wadda ta goge ba ta cika minti ɗaya a kan yaro guda. Wannan ake koyarwa a Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta jiha da makarantar jinya ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kukan yaro albishir ne

Yaron da ke tsala ihu ya amsa tambaya uku kafin a taɓa shi. Maƙogwaronsa a buɗe yake, huhunsa na da ƙarfin tura iska, kuma ƙwaƙwalwarsa a farke take har ta san ba ta son wurin. Shi ya sa kunnen nas ke ratsa hayaniyar baranda yana neman inda aka yi tsit.

Ana bin abubuwa ne gwargwadon saurin kisansu. Hanyar iska ce a gaba, domin in ta toshe mintoci kaɗan ƙwaƙwalwa ke jurewa. Sai numfashi, sai zagayawar jini, sai hayyaci, sai ƙarewar ruwan jiki. Zafin jiki, wanda shi ne ke tayar wa iyaye hankali domin shi hannu ke ji, yana kai yaro gaban layi in ya yi tsanani, amma ba ya kai shi gaban wanda ya suma.

Numfashi shi ne awon da ya fi kowanne faɗin gaskiya, kuma shi aka fi yi wa ha'inci, domin yana buƙatar a ɗaga riga a tsaya minti ɗaya cur ana ƙirgawa, yaro na kwance a cinyar uwarsa ba ya kuka. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya ja numfashi sau 60 ko fiye a minti, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Babban mutum kuwa tsakanin 12 da 20 yake. Ka ga adadin da zai sa a ruga da dattijo ɗakin gaggawa, lafiya lau ne ga jariri. Bayan ƙirga akwai kallo: ƙasan haƙarƙari na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ƙofofin hanci na buɗewa, kai na rausaya tare da numfashi, ko wani ɗan nishi a ƙarshen kowace fitar iska. Wannan nishin, wanda iyaye mata kan ɗauka gajiya ce, yana cikin sautukan da suka fi tayar mini da hankali. In akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ta nuna ƙasa da 90, oksijin ake nema kafin komai.

Sai a kama hannu. In ya yi sanyi, a danne farce har ya yi fari a saki. Jini ya kamata ya dawo kafin daƙiƙa 3. In ya wuce haka, ga bugun jijiya na sauri ba ƙarfi, to jini ya fara janyewa daga gaɓoɓi domin ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa. Anan jikin yaro ke yaudara. Yana iya riƙe awon jininsa, wato wanda ake ɗaurawa a damtse don duba hawan jini, daidai har kusan ƙarshe, sai ya zube gaba ɗaya, don haka wanda ya tsaya jiran awon jini ya faɗi kafin ya motsa ya makara. Kuma ajiyar ba ta da yawa. Yaro mai kilo 10 jininsa duka wajen mililita 800 ne, bai cika ledar fiya wata biyu ba, alhali babba na da kusan lita 5. Abin da zazzaɓin cizon sauro zai fasa na ƙwayoyin jini cikin kwana uku, babba ya tashi da jiri kawai, yaro kuwa sai an yi masa ƙari. Ana duba tafin hannu a ga ko ya yi fari fat. A nan garin sau da yawa lalle ya rufe tafin, musamman bayan salla ko biki, sai a ja fatar ido ta ƙasa, a duba harshe da cikin leɓe.

Hayyaci kuma mataki huɗu ne: idonsa biyu yana bin mutane da kallo, ko sai an kira shi, ko sai an mintsine shi, ko kuwa ko an mintsina ba ya motsi. Ga yaran da zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa akwai ma'aunin da aka tsara a birnin Blantyre na Malawi, daga 0 zuwa 5, domin na manya da aka fitar a Glasgow a 1974, mai maki 3 zuwa 15, yana neman mara lafiya ya yi magana, jariri kuwa bai iya ba. Duk yaron da hayyacinsa ya ragu, digon jini ɗaya a yatsa domin auna suga yana gaba da kusan komai. Yaron da ya kwana biyu bai ci ba ga zazzaɓi, sugansa kan faɗi warwas, kuma ruwan suga ta jijiya, mililita 5 na mai kashi 10 cikin ɗari ga kowane kilo, kan dawo da shi cikin mintoci.

Jijjiga ta cancanci a tsaya a kanta, domin kafin a iso asibiti an riga an yi abubuwa. An cusa cokali a baki, an ɗura manja ko rubutu, an turara hayaƙi, wani lokaci har an kara ƙafa a wuta. Duk ƙauna ce ta sa, ba mai musun wannan. Amma yaron da ke jijjiga ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake tafiya, sai a warke daga zazzaɓi a koma jinyar limoniya. Abin da ake so a kwantar da shi a gefensa, a sassauta tufa, kada a sa komai a baki. Addu'a da tofi babu nas mai hankali da za ta hana. Ni kaina nakan ce, "Inna, ci gaba da addu'arki a kansa, rubutun dai a ajiye sai ya farka."

Yaron da tamowa ta kama

Gudawa da amai suna da alamominsu: ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, a kama fatar ciki a saki ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2 kafin ta koma, yaro ya kasa sha ko ya riƙa sha kamar zai haɗiye kofin. Mai iya sha, ruwan gishiri da suga ne maganinsa, tare da zinki na kwana 10 zuwa 14. Wanda ya galabaita, ƙarin ruwa da sauri.

Sai dai akwai yaron da wannan ƙa'ida ke juyewa a kansa, kuma muna ganinsa da yawa, daga ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Rabah inda rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, har da cikin gari. Shi ya sa kafin a rataya ledar ruwa ake zagaya damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Ga ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya. Sannan a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In rami ya zauna, kumburi ne, ko da kuwa kakarsa na murna cewa yaro ya yi ƙiba.

Irin wannan yaro fatarsa dama ta saki, idonsa dama ya zurma, don haka alamomin rashin ruwa ba abin dogaro ba ne a jikinsa. Zuciyarsa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame. In aka sakar masa ruwa ta jijiya yadda ake sakar wa ɗan'uwansa mai ƙoshi, zuciyar ba za ta iya turawa ba, ruwan ya taru a huhu. Na sha tsayawa ana roƙona, "Malama, ki taimaka ki sa mashi ruwa," domin a wurin mutanenmu ledar da ke rataye ita ce shaidar an karɓi mara lafiya hannu biyu. Ƙin sa ruwan yana da wuya, ana kallonka kamar mara tausayi. Amma sai dai a ba shi ta baki ko ta robar hanci, kaɗan-kaɗan. In dole ta sa sai ta jijiya, to a hankali, nas na tsaye tana ƙirga bugu da numfashi duk bayan minti 5 zuwa 10. Abin da ke gaba a kansa shi ne madara ta musamman duk bayan sa'a 2 ko 3 har cikin dare, da ɗumi, da maganin ƙwayoyin cuta ko jikinsa bai yi zafi ba, domin ba shi da ƙarfin da zai yi zazzaɓi. A daren hunturu, yaron da aka bari cikin jiƙaƙƙen zane daga ƙarfe biyu zuwa asuba, sanyi kaɗai ya isa ya tafi da shi.

Kuma a buɗe bakinsa. Mu da ke Sakkwato ba mu da uzurin mantawa da wannan, ga Asibitin Noma, wato na ciwon noma mai cin fuska, a garinmu tun 1999, inda ƙungiyar likitocin MSF ke taimakawa tun 2014, ana kawo yaran da ciwon ya cinye wa kunci da leɓe daga jihohi da dama. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Da ɗan gyambo a dasashi yake farawa, da warin baki, a jikin yaro mai tamowa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda. A wannan mataki maganin ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci sun isa. In aka yi sakaci na 'yan kwanaki, magana ta koma ta tiyata.

Tambayar iyaye ita ma gwaninta ce. In ɗan fari ne, uwar na iya sunkuyar da kai ta yi gum, alkunya ta hana ta nuna damuwa a gaban surukarta, sai kaka ta karɓe zance alhali ba ita ta kwana da yaron ba. Dabarar ita ce a saurari kaka da girmamawa, sannan a aike ta karɓo wani abu, a matsa kusa da uwar a yi ƙasa da murya. Yana kama nono? Duk abin da ya sha yana amayarwa? Ya yi jijjiga? Yaushe rabonsa da fitsari? Me aka ba shi? Tambayar ƙarshen nan in aka yi ta da tsawa, amsar "ba komi" ce. In aka yi ta da sakin fuska, sai a ciro kwalaben kemis daga cikin leda, a ambaci jiƙo, a faɗi cewa shekaranjiya wanzami ya cire belu, ko an zauna kwana biyar ana cewa haƙori ne. Kowanne daga cikin waɗannan yana canza abin da za a yi. Sannan sikeli. Maganin yaro da kilo ake lissafa shi, har allurar atesunat ta zazzaɓi mai tsanani miligiram 3 ce ga kowane kilo in yaro bai kai kilo 20 ba, 2.4 in ya kai. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kowane irin koke aka zo da shi, ba ya zaman layi.

"Da sauƙi"

Babba yana da baki, sai a zaci aikin ya sauƙaƙa. A ƙasar Hausa bakin ne ke ɓoye ciwon. Ka tambayi dattijo, "Baba, ya jiki?" zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da numfashi na sarƙe shi tsakanin kalmomin biyu. Tarbiyya ce da tawakkali, kuma abin girmamawa ne. Bafulatanin da aka kawo daga ruga ya ma fi haka, yana iya zama da karaya fuskarsa ba ta nuna komai ba. Don haka gaisuwa daban, bincike daban.

Tambayoyin da suka fi yi mini amfani na rayuwar yau da kullum ne. Baba, salla a tsaye kake yi ko a zaune? Yaushe rabonka da masallaci? Kana kaiwa ba ka tsaya hutawa ba? Da dare kana kwanciya sosai ko sai ka jingina da bango? Mutumin da shekara arba'in bai rasa jam'i ba, ya ce maka sati biyu ke nan a ɗaki yake yi a zaune, ya gaya maka halin zuciyarsa da huhunsa fiye da yadda zai iya da bakinsa. Wanda ba ya iya kwanciya sai a jingine, ga ƙafafu sun kumbura, zuciya ce ke gazawa, sau da yawa bayan shekaru na hawan jinin da ba a sani ba, ko aka sani aka daina shan magani da aka ji sauƙi.

Jerin bai canza ba, iska, numfashi, jini, hayyaci, amma tarkunan daban ne. Mai zazzaɓin da numfashinsa ya kai 22 a minti, awon jininsa na sama ya sauka zuwa 100 ko ƙasa, ko ya fara ruɗewa, biyu daga cikin ukun nan sun isa a ɗauka cuta ta bazu a jini. Ruɗewar ita aka fi rainawa. Tsoho ya fara sambatu, ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu, sai 'ya'ya su ce tsufa ne. Tambayar ita ce, jiya ma haka yake? In shekaranjiya shi ya yi lissafin kuɗin albasarsa da kansa, to wannan ciwo ne, kuma tsofaffi kan yi limoniya ko ciwon mafitsara jikinsu bai yi zafi ba. Mai ciwon suga da ya sha magani ya ɗauki azumi a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, aka kawo shi yana gumi yana faɗa da mutane, a auna suga kafin a ce iskoki ne ko shanyewar jiki. A wannan lokacin na bazara kuma duk mai zazzaɓi da ciwon kai sai an lanƙwasa wuyansa. Waɗanda suka yi aiki a 2017, da sanƙarau ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ba sa bukatar tuni. Ga jariri wuyan ba lalle ya sanƙare ba, maɗiga ce ke tasowa.

A hatsarin mota ko na kabu-kabu, jama'a kan yi dafifi a kan wanda goshinsa ya fashe jini ya wanke masa fuska. Shi kam a danne wurin da tsumma mai tsabta. Idon nas na kan saurayin da ke zaune gefe ya yi shiru, ya riƙe ciki, yana neman ruwa, gumi mai sanyi na keto masa. Matashi mai ƙarfi na iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsa a cikin ciki kafin awon jini ya faɗi. Bugun zuciya ne ke fara hawa. Kuma duk wanda ya bugu a kai, a ɗauke shi kamar wuyansa ya karye har sai an tabbatar, kada a ciccibe shi kai na lilo.

Mata kuwa, akwai tambayar da ba a yi a gaban miji da suruka da ƙannen miji. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta zo da ciwon mara da jiri ko suma, sai an ja labule an tambayi rabonta da al'ada, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa in ya fashe, jini a ciki yake zuba ba mai gani. Mai ciki da ta wuce sati 20 ta ce kanta na sarawa, tana ganin walƙiya-walƙiya, ko ƙahon zuciyarta na ciwo, a ɗaura mata awo nan take. In ya kai 160 bisa 110, jijjiga na bakin ƙofa. Allurar maganeziyam ce ke tare ta, amma ita ma sai da tsaro: kafin kowace allura a duba numfashi bai gaza 16 ba, gwiwa na harbawa in an buga, fitsari na kai mililita 30 a sa'a. Bayan haihuwa kuma, sa'o'i 2 na farko, hannu na kan mara duk bayan minti 15 a ji mahaifa ta dunƙule. Jinin da ya kai rabin lita ya wuce ƙa'ida. Wadda aka kawo daga gida, ba a tambayar ko ta zubar da jini da yawa, domin za a ce na biƙi ne. A tambayi zane nawa ta jiƙa.

Bayan an ba da gado

Likita na neman sunan cutar. Nas na neman abin da cutar ke yi wa wannan mutum a wannan sa'a, kuma amsar ƙarfe goma ba ita ce ta ƙarfe biyu ba. A makaranta mataki biyar ake koya mana, a duba, a gane matsala, a tsara, a aikata, a sake dubawa, kuma na ƙarshen ne ke raba aikin kirki da na jeka-na-yi-ka. Bugun zuciya 100 shi kaɗai ba labari ba ne. Amma 84 da safe, 100 da azahar, 118 da la'asar, labari ne babba, kuma ba mai ganinsa sai in an auna da gaske an rubuta da gaske. Cika takarda da lambobin da ba a auna ba cin amana ne, ko da gajiya ce ta jawo.

Mai shanyewar ɓarin jiki misali ne mai kyau na yadda abin da ke gaba ke sauyawa. Ranar farko numfashi da awon jini da suga. Da ya buɗe ido, 'yan'uwa sun iso da kunu da fura, kowa na son ya ga Baba ya sa wani abu a ciki. Sai an gwada haɗiyarsa tukuna, yana zaune, da ɗan cokalin ruwa. In ya ƙware ko muryarsa ta jiƙe, ba abin da zai bi ta baki sai ta roba. Bayan kwana biyu kuma fata ce abin tsaro, a juya shi duk bayan sa'a 2, a duba ƙugu da duwawu da diddige, domin gyambon kwanciya ya fi saurin zuwa fiye da tafiya. Mai sikila kuwa da ya ce ƙashinsa na ciwo, a yarda da shi a ba shi magani da wuri, a daina yi masa kallon mai son allura.

Duk wannan yana neman hannuwa, kuma ba su isa ba. Na yi daren da ni kaɗai ce a ɗaki cike da gadaje, wasu yara biyu-biyu. A irin wannan dare dole a jawo gadajen waɗanda suka fi jin jiki kusa da tebur, sannan a mai da masu jinya idanu na biyu. Uwar da aka nuna wa ƙasan haƙarƙarin ɗanta aka ce, "In kin ga nan na faɗawa, ko ya ƙi nono, ko kin tashe shi bai tashi ba, ki zo ki kira ni ko ina me," ta fi kowace na'ura tsaro. Sharaɗin shi ne in ta zo kada a hantare ta. Wadda aka daka wa tsawa sau ɗaya ba za ta sake tasowa ba sai abu ya ɓaci. Wannan laifin namu ne mu ma'aikata, kuma ƙarancin ma'aikata bai wanke mu daga shi ba. Haka kuma ina ganin tantancewa a bakin ƙofa ya kamata ta kasance, kafin tagar kati da ta biyan kuɗi, domin yaron da ya suma ba ya cikin lissafin mai yankan kati, kuma uwar da ta zo daga ƙauye ba za ta yi ƙarfin halin ratsa layi da kanta ba.

Goyon matar nan na ranar, da aka auna sugansa ya yi ƙasa ƙwarai, gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, cikin idonsa fari fat. Aka ba shi ruwan suga da allura, aka ɗebi jinin kawunsa aka ƙara masa. Washegari da hantsi ya yi kuka, uwar ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ɗan magidancin kuwa na kai shi gaban layi saboda zafin jikin, an gan shi ba da daɗewa ba, shi ma zazzaɓin ne, amma yana sha yana haɗiye magani, aka rubuta masa na kwana uku aka sallame su. Na cim masa a bakin ƙofa na ce, "Malam, in ya ƙi sha, ko ya dinga amayar da komi, ko ya yi jijjiga, ko ka ga ya yi lakwas ya bar wannan kukan, ka dawo da shi ko tsakar dare ne. Kada ka tsaya layi, ka shigo kai tsaye ka ce yaro ba ya motsi."

Ya gyara wa yaron zama a kafaɗa, ya maimaita abubuwan huɗu da yatsunsa, ya ce, "To Malama, na ji."